Kwalbar Ruwan Inna

Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso, cewa Inna ta ƙi ruwan famfon birni, sai na idon ruwanmu take so, in aiko da jarka. Yaya, idon ya ƙafe.

Ka tuna yadda Baba yake yashe shi duk rani da hannu da ƙwarya, ba ya barin ƙarfe ya taɓa wurin. Bayan rasuwarsa layi ya yi tsawo, mutanen ƙauyen tudu da na gangare kullum cacar baki. Sai aka yi sulhu a gindin ɓauren nan, aka ce a faɗaɗa bakin idon kowa ya samu. Wallahi da kyakkyawar niyya suka zo, har mijina da digarsa. A ranar, ruwa ya yi ta malala, ana murna. Washegari ya bi tsagar da suka yi a dutsen, ya nutse. Yanzu dai ƙauyukan biyu sun shirya da juna tsaf, tare muke jan ƙafa zuwa rafin bayan gada.

Danshi ne kawai ya rage. Na tsuguna da ludayi tun safe har rana ta karkata, abin da na tara ke nan a kwalbar da direba zai ba ka. Don Allah kada ka gaya mata.

Taka ƙanwa.

*

Yayana,

Ina gaisuwa. Yaya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta.

Direba ya dawo min da kwalbar da wasiƙarka. Ka ce ba ka gaya mata komai ba, kurɓa ɗaya ta yi, ta ji laka a harshenta, ta tambaya ko wa ya sa wa idon ƙarfe. Ka ce ta ƙi shan sauran duk da ƙishinta, ta ce, "Ku mayar masa, ya fi ni bukata."

Na mayar, Yaya. Ƙasa ta shanye nan take, na zauna na yi kuka mai isata.

Tun ranar muke toshe tsagar da yumɓu, da hannu. Mijina ya bar digarsa a gida, matan gangare ne ke kwaɓa mana. Yau da safe na tarar da ruwa ya kwanta a wurin, bai fi cikin tafin hannu ba. Duk muna tsaye a kansa da bokitai, babu wadda ta ɗiba.

A gaida yara.

Taka ƙanwa.