Baƙin Allo da Muryar Mamansu

Litinin, 3 ga Maris
Na yi wa kwamfutar falo sabis. Ni da na tsaya a aji biyu na sakandare, na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa manyan ofis, yau na wayi gari injiniya. Nauyi take yi, sai na share tarkace, na juye kwandon shararta tas. Yanzu gudu take kamar sabuwa. A cikin tarkacen har da foldar Mamansu. Hotunanta, da muryoyin da ta riƙa ɗauka a gadon asibiti saboda jikan da ba ta kai ga gani ba. Wayarta ta daɗe da lalacewa. Nan kaɗai suke.

Talata, 4 ga Maris
Likita ta kira. 'Yata, nas ce a wani gari, ni na yi mata ƙarin girma da wannan suna. Cikinta wata takwas. “Baba, turo min muryoyin Mama, ina so ya fara jin ta tun yana ciki.” Na ce wuta aka ɗauke, komai ya ɓace da kansa. Ƙaryar ta fito sumul, ko gargada babu.  Ta ce abin da ya ɓace yana nan kwance a cikin na'urar, muddin ba a ɗora wani abu a kansa ba. “Kada ka taɓa komai, don Allah.”

Alhamis, 6 ga Maris
Ta turo matakai. Wai manhajar da za ta tono su ba ta da hoto, ba ta da maɓallin dannawa. Baƙin allo ake buɗewa a rubuta mata umarni, kamar mai aika wa aljani takarda. Da yatsa ɗaya na yi, tabarau a kan hanci. Kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Na rubuta, ban ga komai ba. Sau uku. Na kife kibod ɗin na bubbuga, ya zubo da ƙura da fil ɗin ɗankwali guda ɗaya. Ashe haka take, ɓoye rubutun take yi. Fil ɗin na sa a aljihu. Na tashi daga aiki.

Juma'a, 7 ga Maris
Kalmar sirrin ta shiga! Layuka suka yi ta gudu a baƙin allo, ni kuma na harɗe ƙafa kamar na san abin da suke cewa. Likita ta rubuta da manyan baƙaƙe: a filas za ka saka manhajar, ba a cikin kwamfutar ba. Filas, ɗan abin adana fayil ɗin nan da ake soka wa kwamfuta, ina da shi a durowa. Amma wane direban kirki ne ke barin jak a gida? Kayan aiki a jikin mota suke zama. Na saka ta ciki. Da manhajar ta tambayi inda za ta zuba abin da ta tono, nan ma na ce ciki. Kaya su koma ɗakinsu.

Asabar, 8 ga Maris
Fayil dubu huɗu da ɗoriya, ba mai suna, lamba kawai. Hotuna rabi-rabi. Goshinta da ido ɗaya, sauran toka. Wani kuma hannunta ne riƙe da kofi, ba fuska. Muryoyin ko su ƙi buɗewa, ko su yi shuu kamar rediyo tsakanin tasha biyu.

Lahadi, 9 ga Maris
“Baba, a ina ka saka ta?” Na kawo mata maganar jak, ina jiran dariya. “Ka taka su, Baba. A kan abin da kake nema ka yi fakin.” Na ce ai shekara talatin ba a taɓa kama ni da laifin fakin ba. Ta ce, “Ba komai ne abin dariya ba.” Ta kashe. Haka Mamansu ke faɗa, sai dai ita takan juya baya ta yi dariyar a ɓoye.

Laraba, 12 ga Maris
Ba ta kira ba. Na ci abinci a tsaye.

Alhamis, 13 ga Maris
Ina bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Wajen na dubu biyu, ɗaya ta yi magana. Daƙiƙa tara. “…in ya yi kuka kada ki miƙa wa kakansa, shirme zai koya masa.” Tari. Ta ja numfashi za ta ci gaba, sai ga muryar wani ƙaton banza daga gefe yana tsokanar shayin asibiti, wai ruwan wanke kofi ne. Nan ta yanke. Tawa ta fito tar, ko ƙura babu. Matar tana tattara ƙarfin da ya rage mata, ni ina ba da nishaɗi.

Asabar, 15 ga Maris
Na kira Likita. Na ce ba a ɗauke wuta ba. Kuma ba sabis ba ne, har littafin nan na yi wa ƙarya. Ranar Litinin ɗin hannuna ne ya taɓa ɗaya bisa kuskure, muryarta ta cika falo ba sallama, ni kaɗai, da rana tsaka. Na goge. Na bi kwandon na juye, don kada ta dawo.

Likita ta ce, “Na sani, Baba. Kai in za ka yi ƙarya ba ka sa wasa a ciki.”

Na tura mata daƙiƙa taran. Na ji tana saurare, sau biyu. Sai ta ce, “Ai kana ɗakin lokacin da take ɗauka. Me ta ce a sauran?” Na ce ni ban riƙe komai ba, kan direba hanya kawai yake riƙewa.

Awa ɗaya da kwata muka yi. Ta ce gobe ma. Na ce sai na duba ko ina da lokaci.

Akwai abu shida cikin maganganun Mamansu da na rubuta a bayan shafin nan, kada su shige min kafin goben.