Kwalabe a Ƙofar Masaƙa

Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, karatu kuma na tafiya daidai.

Yau sati uku muna yajin aiki a masaƙa. Jiya manaja ya manna takarda: duk wanda bai koma kan injinsa ran Litinin ba, za a soke katin inshorar lafiyarsa, har na iyalinsa. Kin san da katin nan muke karɓo miki insulin, allurar ciwon suganki. Na leƙa kemis na tambayi kuɗin kwalba ɗaya, wallahi sai da na nemi benci na zauna.

Zan koma. Su kira ni maci amana, zagi bai taɓa kashe kowa ba.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi, amma raina a ɓace yake.

Haba Baba! Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana ɗaure ka da ciwon sugana kamar akuya a turke. Injin ya cinye maka yatsu biyu, ka yi shiru saboda ni. Ya zage ka gaban yaran da ka koya wa aiki, ka ce na gode. To ni na gaji da zama igiya.

Duba ƙarƙashin gadona, akwai gwangwanin madara guda uku. Duk kwalbar da na ƙarar tun ina 'yar shekara tara tana ciki. Ka kai su ƙofar masaƙa ku jera, kowa ya ga da me ake yi muku barazana.

Ina da sauran magani, kada ka damu.

Taka mai taurin kai

Uwata,

Sallama. Mun jera su tun daga ƙofa har bakin titi. Kafin azahar mai gadi ya kawo na matarsa, wasu mutum shida ma suka kawo nasu. Ashe kowa ɓoyewa yake! Manaja ya sauka a mota, ya rasa inda zai taka.

Litinin ta zo, ban shiga aiki ba. An soke katin. Ina alfahari da ke, kuma tsoro ya hana ni cin abinci.

Maganin kwana nawa ya rage miki? Kada ki yi mini ƙarya.

Babanki

Baba,

Na kwana tara. Ban rage allura ko sau ɗaya ba, ba kuma zan rage ba.

Ka gaya wa manaja, wannan kwalbar ma tana tafe. Ku bar mata wuri a gaba.

Uwarka