Hannun Baba da Gargush ɗin Gazal

Daga San'a, zuwa ga Yayata Hamama a Ƙudus.

Gaisuwa mai yawa tare da begen ganinki. Ina roƙon Ubangijin kakanninmu ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Zakariya. Malaminmu Mori Salim ne yake rubuta mini, na kuma ce kada ya tausasa ko kalma ɗaya. 'Yarki Gazal lafiyarta ƙalau, ki riƙe wannan kafin ki ji sauran.

Ranar da mayaƙan ƙabilu suka wawashe birni, da hantsi uku daga cikinsu suka ɓalle ƙofar maƙerar Baba. Gargush ɗin auren Gazal na hannunsa, hular nan da Inna ta sa ranar nata auren, yana ƙera masa sababbin sarƙoƙin goshi. Suka ce tsoho ya saki, ya ce sai dai su tafi da hannun. Ɗaya ya danne hannun a kan uwar maƙera, ɗaya ya yi ta dukan yatsun da gindin bindiga, ina jin ƙashi na karyewa kamar busasshen kara. Yaya, ban san lokacin da na cafki awartaki na ɗauko kaskon narkakkiyar azurfa na watsa wa mai dukan a wuya ba. Ya kurma ihu yana kiran uwarsa. Na ukun ya naushe ni har haƙorana biyu suka zube, suka kwashi abin da suka samu suka ja ɗan'uwansu waje. Ban yi nadama ba. Gargush ɗin kuwa Baba ya kife a kansa, yana ƙarƙashin cikinsa, jina-jina.

Kin tuna ranar da ya tsula mini bulala don na taɓa awartakin nan, wai mace allura ce tata, ƙira gadon ɗa namiji ce? To, Allah bai ba shi ɗa ba, ni kuwa shekara goma ina ɗinki a bakin ƙofa idona na kan yatsunsa. Saura kwana tara biki, ba mai ƙarasa aikin, na hau buzunsa na ja zaren azurfa, na murɗa, na hura wuta. Da na ga zare ya kama ɗan'uwansa sai wani daɗi ya rufe ni, har na ji kunya, ga Baba kwance yana nishi. Ashe abin da raina yake so ke nan tun tuni. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da na gama na kai wa Baba. Ya kasa riƙewa, ya ce in goga masa a kumatu. Da na goga, ya ce sarƙa ta uku aikin jaki ce, in warware in sake. Ya ƙara da cewa gobe in zo da wuri, zai koya mini sauran da baki, tunda hannu ya tafi.

Gazal ta sa gargush ɗin ranar Laraba. Tabon jinin kakanta na nan ta ciki, ita ta hana a wanke.

Ki gaida Zakariya da Gwaggo Nadra da ƙanana, Yihya da Zohara. Baba ya ce a gaishe ki.

Ƙanwarki maƙeriya,
Badra