Jan Fentin Da Ke Bangon Inna Falmata

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ku rufa min asiri kamar yadda Allah ya rufa muku, kuma ku ji ni zuwa ƙarshe kafin ku tsine min, ko da yake na san na cancanta.

Ni masinja ne a ofishin safiyo, ina zaune a wani lungu na Fagge ta wajen Sabon Gari. Bara waccan gobara ta cinye lungunmu ƙurmus, muka sake tayar da shi da hannunmu, mai kwaɓa ƙasa na kwaɓawa, mai ɗaukar azara na ɗauka. Maƙwabcina Malam Bukar, Babarbare mai ɗinkin hula, yana gama rufin ɗakinsa ciwo ya kayar da shi, bai tashi ba. Matarsa Inna Falmata ta shiga takaba, ba ɗa ba jika.

Ana cikin haka aka ce za a faɗaɗa asibitin da ke bayanmu, katangar za ta ci gida ɗaya a bakin lungu, ko nawa ko nata. Baturen safiyo ya zo da igiyar awo, ni ne tafinta. Ya ce idan akwai wanda ba kowa a ciki shi za a ɗauka, don kango ba a ba mai shi fili a madadi. Ya tura ni in duba. Na shiga zaurenta, ina jin ƙarar taɓaryarta a tsakar gida. Na san mai takaba ba za ta leƙo gaban baƙin maza ba, kuma ba za ta ɗaga murya ba. Ko sallama ban yi ba. Na ɗan tsaya, na fito na ce, "Ranka ya daɗe, mai gidan ya mutu, kango ne." Ni na riƙe gwangwanin jan fentin da aka shafa a bangonta, alamar gidan da za a rushe.

Kada ku ce tsoro ne kaɗai. Wata rana a majalisa Malam Bukar ya taɓa ce min karen Bature, aka yi ta dariya. Wallahi da fentin nan ya hau bangonsa sai da na ji sanyi a raina. Wane irin mutum ne ke rama gayya a kan gawa? Da maƙwabta suka tambayi ma'anar jan, na ce alamar gidan gwauruwa ce, hukuma ba ta taɓa shi. Har albarka suka sa min.

Ita kuwa tun ranar kullum sai ta aiko min da tuwo. Shekaranjiya ta kira ni ta bayan asabari ta ce, "Ɗana, an ce kai ka tsaya min wajen Bature. Malam ya yi maka mugun zato, ka yafe masa." Na ce, "Ba komai, Inna, ya wuce." Na cinye tuwon kuma, har da suɗe kwano. Ina kunyar take?

Ranar Juma'a take fita takaba. Ta riga ta jiƙa geron sadaka, ta ce in sayo mata farar ƙasa ta shafe bangon da mijinta ya gina, amma a bar jan yadda yake, tunda shi ne kariyarta. Ranar Litinin leburori za su zo da diga, na ga takardar da idona, ni na kai ta ma aka sa hannu.

In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, katanga ta dawo kan gidana, ga tsohuwata makauniya, ga matata da tsohon ciki. In na yi shiru, matar da ke kirana ɗanta za ta kwana a titi tana sa min albarka. Farar ƙasar tana nan a zaurena, na kasa miƙa mata.

Jama'a, me zan yi?