Idon Nenita

Litinin, 5 ga Yuni
Matata Luz ta sauka a gida, a hannun ungozoma. Mace ce, mun sa mata Nenita. Kowa na murna, ban da ni.

Alhamis, 8 ga Yuni
Idon yarinyar ya kumbura, kwantsa ta liƙe shi. Surukata, Nanay Pilar, ta ce a ɗiga mata nonon uwarta, haka aka yi wa kowa a tsibirin nan. "'Ya'ya bakwai na raina da shi, wanne ne makaho?" Na bar ta ta ɗiga.

Juma'a, 9 ga Yuni
Bari in rubuta, takarda ba ta da baki. Wata biyu da suka wuce jirginmu na kamun kifi ya kwana uku a wata tasha, na bi son zuciya da wata mace. Bayan kwana huɗu fitsari ya zame mini wuta, ga mugunya. Boyet, mai kula da injinmu, har da riƙe ciki don dariya. "Ciwon sanyi ne, angon tasha! Sha ruwan ɗanyar kwakwa ya wanke maka bututu." Na sha har cikina ya cika fam, na haɗa da ƙwaya biyu daga kanti. Zafin ya lafa, na dawo wa matata kamar mutumin kirki.
Abin da ke fita daga idon 'yata, na san kalarsa.

Asabar, 10 ga Yuni
Ido biyun duka. Ba ta buɗewa.

Litinin, 12 ga Yuni
Na tarar da Luz tana kuka, ta ƙi ba yarinyar mama. Wai nononta ne ya lalace, shi ya ɓata wa yarinya ido. Nanay har ta fara lissafa abin da Luz ta ci. Nan dai na kasa jurewa. Na saɓi yarinyar, muka hau babur ni da Luz sai asibiti.
Likitar ta duba, ta dube ni. Ta ce ƙwayar cutar sanyi ce. Mace kan ɗauka daga namiji ba tare da ta ji komai ba, jariri ya kwasa a hanyar fitowa. Kwakwar da maza ke sha ba ta kashe ta, lafawar zafi kuma ba warkewa ba ce. "Malam, akwai abin da ya kamata in sani?"
Na faɗa. A gaban Luz.
Mu uku aka yi wa allura, aka kwantar da Luz da yarinyar.

Laraba, 14 ga Yuni
Nanay ta tare ni a ƙofar asibiti. "Kana kallo ina ɗiga nono, kwana huɗu, ɗan nan? Ka mai da ni jaka." Ba ta yi ƙarya ba. Luz ko zagi ba ta yi mini ba, kuma shi ya fi ciwo.

Laraba, 21 ga Yuni
An sallame su. Idon dama ya tsira. Na hagu akwai farin tabo a tsakiya, likita ta ce da an zo ranar farko da ba haka ba. Ni na san inda kwanakin suka tafi.

Lahadi, 25 ga Yuni
Jirgi ya tashi da safe, ban bi ba. Na ce wa Boyet ƙafata ce ke ciwo. Luz ta koma ɗakin Nanay, har yau ba ta kira sunana ba. Da lokacin maganin ido ya yi, ta miƙo mini kwalbar ta juya baya. Na riƙe kan Nenita na ɗiga. Ta buɗe na daman ta zuba mini shi. Ban kau da kai ba.