Sunan da Ban Bayar Ba

Alhamis, 3 ga Yuni, 1976
Kwana huɗu ke nan a asibiti a Kafanchan. Likita ya ce bugun zuciya ne. Ni dai ina noman citta na ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji.

Sista Martina tana cika kati, ta tambaye ni wa za a nema in wani abu ya faru. Na ce babu. Ta dube ni, ta rubuta babu.

Litinin, 7 ga Yuni
An hana gishiri, an hana taba, an hana tashi. Saura numfashi.

Asabar, 12 ga Yuni
Na tambayi likita yaushe zan fita. Ya ce ya danganta da shekaru, da ciwon suga, da ko ciwon ya sake tashi, da kuma wanda zai kula da mutum a gida. Suga ba ni da shi. Shekaru ba laifina ba ne. Na ƙarshen ne ya tsaya mini a wuya.

Juma'a, 18 ga Yuni
An sallami Ƙasimu mahauci, maƙwabcin gadona. Na riga shi zuwa da kwana biyu, ya fi ni ƙiba, ya fi ni nishi. Amma 'ya'yansa uku ne suka tsaya gaban likita suna jin bayanin magani. Da zai tafi ya ce, "Baba Kumai, mutum ba ya rasa nasa, sai dai ya ɓoye." Mahauci da wa'azi. Ya bar mini lemo biyu.

Kaɗaici ya dame ni, in faɗi gaskiya.

Litinin, 21 ga Yuni
Likita ya ce zuciyata ta daidaita, amma ba zai bar ni in koma Fadan Kagoma ni kaɗai ba, in faɗi babu mai gani. Ciyawa tana can tana cinye citta.

'Yata Regina tana koyarwa a Kagarko. Shekara biyu ba mu magana. Ranar jana'izar uwarta Emilia an sa ƙarfe goma, motar Regina ta makara. Fasto ya ce a jira, na ƙi. Shekara talatin ina aikin reluwe, goma goma ce. Sha ɗaya da kwata ta iso, ta tarar an rufe kabari da ƙasa.

Talata, 22 ga Yuni
Na ce Sista ta gyara katin. Don citta ne kawai. Ta ba wani direban Kagarko saƙo.

Asabar, 3 ga Yuli
Regina ta aiko cewa za ta zo yau ƙarfe goma. Sista ta shigo ɗazu ta ce, "Baba, sha biyu ya wuce fa. Ruwa ya ɓata hanya." Na ce ban tambaye ta ba.

Agogona yana ƙarƙashin matashi tun safe, ban duba ba. Na aske gemu. Lemo ɗaya na nan, ya ɗan yanƙwane, na ajiye mata.

Ina jira.