Manhaja Ta Ƙi Karɓar Autata

Daga: Mai Kula da Sito na Biyu,
Sashen Ajiyar Kaya.

Zuwa ga: Shugaban Sashen Manhaja,
Ta hannun: Shugabar Sashen Ma'aikata.

19 ga Mayu, 2025.

Yallaɓai,

GAME DA: ƁOYE ZAƁIN 'YAN UKU A FOM ƊIN RAJISTAR HAIHUWA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman afuwa idan takardar nan ba ta yi kama da ta mai ƙorafi ba. Na yi iya ƙoƙarina in ɗaure fuska, abin ya gagara. Ranar 2 ga wannan wata Allah ya sauki maiɗakina lafiya, ta haifi 'yan mata uku, bayan dogon jiran da har dangi suka gaji suka daina tambaya. Uku, Yallaɓai! Har yau in na shiga ɗaki sai na sake ƙirgawa. Duk da haka ina da koke, kuma ga shi:

1. Ranar 6 ga wata na buɗe manhajar ma'aikata don yi musu rajista. Da na danna akwatin "Irin haihuwa", jerin zaɓi ya sauko da abu biyu kacal: "Ɗaya" da "Tagwaye". Na rufe na buɗe, na goge tabarau, ba ƙari. Na zaɓi tagwaye, fom ya ba ni gurbin suna biyu. Babba ta shiga, Ta Tsakiya ta shiga, aka bar mini Auta a waje.

2. Washegari na hau ofishinku na sami Dogo, wanda ya rubuta fom ɗin. Da ya ji labari ya rungume ni har kujerarsa ta kife. Ya bayyana mini cewa zaɓin 'yan uku yana nan daram a cikin manhajar, ba goge shi aka yi ba. Ɓoye shi aka yi a gyaran bara, wai jerin ya yi tsawo kuma ba wanda ya taɓa zaɓarsa. Ya ce gyaran layi ɗaya ne a rubutun manhajar, amma ba ya da ikon taɓawa sai da sa hannunka, kai kuma ka yi tafiya. Cikin ladabi nake tunatarwa cewa jerin abu uku bai kai a kira shi mai tsawo ba. Jerin kwalayen sitona sai mutum ya gaji da ja bai kai ƙarshe ba, kuma ba a ɓoye ko ɗaya ba.

3. Bisa shawararsa na gwada shigar da Auta ita kaɗai a matsayin "Ɗaya". Manhaja ta fito da jan rubutu tana sanar da ni cewa wannan uwa ta riga ta haihu a wannan rana. Yallaɓai, na sani. Ina bakin ƙofa. Na yi dariya har ma'aikacin da ke teburin gefe ya miƙo mini ruwa.

4. Nan ne dariyar ke tsaya mini. Sai da rajista ake samun katin asibitin kamfani, Auta kuwa ita ce mafi ƙanƙantar jiki cikinsu, likita ya ce a riƙa kai ta awo kowane mako. Yanzu wata nas mai kirki ce ke duba ta don Allah, tana rubuta nauyinta a 'yar takarda tana sawa a aljihu. Ran da ta tafi hutu ban san inda za mu sa kanmu ba. Surukata ta ce tunda kamarsu ɗaya, a riƙa kai ta da katin yayarta. Maiɗakina ta ce ba ta sha wahalar yarinyar nan don ta fara rayuwa da sunan wata ba. Ba a sake tayar da zancen ba.

Saboda haka nake roƙo, cikin ƙasƙantar da kai, a mayar da wannan zaɓi bainar jama'a, a fitar wa 'yata katinta da ainihin ranar haihuwarta. Ina kuma ba da shawara, duk lokacin da za a ɓoye wani abu a fom, a bar gurbin "Wani daban", domin abin da bai taɓa faruwa ba yana iya faruwa da mai sito da hantsi. Kada a ga laifin Dogo, umarni ya bi, kuma tun ranar kullum sai ya leƙo sito ya tambayi lafiyar yaran.

A ƙarshe, idan an buɗe wurin, a duba ko akwai zaɓin 'yan huɗu a ɓoye, a fito da shi ma. Ba don kaina ba ne. Maiɗakina ta ce in rubuta wannan ɓaro-ɓaro, in ja masa layi.

Ina jiran amsarka cikin kyakkyawan zato. Ka huta lafiya, tunda mu a gida mun yi sallama da barci.

Naka cikin biyayya,

(sa hannu)
Mai Kula da Sito na Biyu,
wanda yanzu ake kira Baban Uku.